Na Hau Soro Na Yi Kira, Ba Wanda Ya Amsa

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ni mace ce daga Damagaram, yanzu na tsufa, gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Amma a lokacin da zan ba ku labarinsa, shekarun babban farin nan da ya kashe shanu ya watsa mutane, ni matar aure ce mai jini a jika, da 'ya'ya biyu ƙanana, ina zaune cikin Birni, tsohuwar unguwar garin, a gidan dangin mijina. Asalina 'yar manomi ce daga wajen Zermu, kuma matan Birni ba su taɓa barin na manta da haka ba. Sukan ce tafiyata ta mai zuwa rijiya ce, muryata kuma ta mai korar tsuntsu a gona. Abin da ya sa na yi wannan rubutu, kwanan baya na ji samari a ƙofar gidana suna musu kan abin da ke sa mutane barin garin nan. Wasu na cewa tsadar rayuwa ce, wasu na cewa siyasa ce, har da ɗaga jijiyar wuya. Na yi dariya daga bayan ƙofa, daga baya kuma na ji idona ya ciko, don wannan musun na san shi tun kafin a haifi iyayensu, kuma na san abin da ya ci mini.

Maigidana baduku ne, haka ubansa, haka kakansa. Yana ɗinka jakunkuna da takalma da kube da kayan raƙumi, yawancin masu sayen kayansa Buzaye ne da Fulani masu dabbobi. Gidanmu tsohon gida ne na ƙasa, da zaure a gaba da ɗakuna a ciki, duk rufin soro. A can ƙurya, jikin katangar da muka haɗa da maƙwabcinmu, nan ɗakin uwar mijina yake, wadda duk gidan ke kira Iya. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta duka, a nan aka yi wa mijinta wanka. Idonta ya riga ya yi rauni, amma a cikin ɗakin ba ta buƙatar ido, hannunta ya san inda komai yake. Ta sha faɗa cewa ba mai fitar da ita daga nan sai masu ɗaukar makara. Babba a gidan kuwa ƙanen mahaifin mijina ne, muna ce masa Baffa. Dattijo ne mai kirki, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah ya ɗora masa son rediyo da son magana, idan ya kama zance sai wanda ya gaji ya tashi.

Wanda bai zauna gidan ƙasa ba, bari in gaya masa yadda yake. Rufin soro azara ce ake jerawa a zuba ƙasa a kai a daɓe, kuma abu ne mai son kulawa. Duk shekara kafin damina mazan gida sukan taru su kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa da kashin jaki, su hau su yi yaɓe, su toshe tsagogi, su share indararo, wato makwararin da ruwan sama ke bi ya zubo waje. In aka bar indararo a toshe, ruwa ya kwanta a sama, ƙasar ta jiƙa ta yi nauyi, azara ta karye. Kuma akwai ladabin da ba a tsallakewa. Kafin namiji ya taka tsani sai ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta cewa za a hau sama, a kintsa, domin daga can ana ganin tsakar gidan kowa. Matan maƙwabta su ja mayafi, ɗaya ta amsa cewa sun ji, a hau lafiya. Ba a hawa sai an amsa. Mace kuwa ba ta hawa sam, kuma ko namiji ba ya taka rufin wani sai da izinin mai gidan. A kan wannan na tarar da Birni, kuma ban taɓa zaton zai shafe ni ba.

Da farin nan ya daɗe, garin ya zama wurin da talaka ba ya iya numfashi. Damagaram dama a kan dutse take zaune, ruwa tun fil azal abin nema ne, to ina ga an yi shekaru sama ba ta zubo da abin kirki ba. Kududdufai suka ƙafe har ƙasansu ya tsattsage. A bakin pampo mata kan yi layi tun safe, wani lokaci su dawo da tulu wayam. 'Yan garuwa suka zama sarakuna, sai ka roƙe su kafin su dubi ƙofarka. Gero ya yi tsadar da ko mai albashi sai ya yi ajiyar zuciya kafin ya auna. Mutanen ƙauye suna shigowa birni neman abinci, mutanen birni kuma suna ficewa, ana cin karo a hanya. Kowace safiya sai ka ji kamyo, wato babbar motar kaya, ya tashi daga tasha cike da tabarmi da tukwane da yara, ya nufi Kano ko Maraɗi. Mai tafiya kuma ba ya cewa ya tashi, sai ya ce zai je ya dawo. Ya rufe gida, ya kawo wa maƙwabci makulli. Haka maƙwabcinmu na jikin katanga ya yi. Babarbare ne mai fataucin kanwa, matarsa aminiyata ce, ita ta koya mini haɗa turaren wuta. Ranar da za su tafi ta shigo ta damƙa mini makullinsu a hannu, ta ce ga gida nan, amana, kafin damina suna nan dawowa. Na ɗaure shi a bakin zanena. Kafin shekara ta juyo, makullan da ke bakin zanen nan sun isa su yi ƙara idan ina tafiya.

A zaurenmu kuwa kullum majalisa cike take da dattawan da suka rage, kuma zancen ɗaya ne, me ya sa mutane ke barin gari. Ni nake kai musu ruwan sha, don haka na haddace karatun. Baffa ya tsaya ƙememe a kan cewa siyasa ce. Yakan ce tun ranar da Nasara ya ɗauke babban birni daga Damagaram ya kai yamma aka juya mana baya, waɗanda suka gaje shi kuma suka ɗora daga inda ya tsaya. Yakan ce hatsin taimako yana zuwa, amma sai mai kat ɗin parti, wato katin jam'iyya, ko mai ɗan'uwa a cikin masu rabo yake ganin ƙwayarsa. Wannan kam ba ƙarya ya yi ba, da idona na ga buhunan da aka ce na talakawa ne ana sayar da su a kasuwa. Wani tsoho mai sayar da tasbaha yakan ce masa a'a, hukuncin Allah ne, shugaba ba ya riƙe da gajimare. Wani kuma ya ce laifin 'yan kasuwa ne masu ɓoye gero. Su yi ta yi har a kira salla, su dawo su ɗora. Ranar da rediyo ta ce sojoji sun karɓi mulki, Baffa ya fito tsakar gida ba hula, abin da ban taɓa gani ba, yana cewa shi ke nan, an cire ƙayar, kafin wata ya mutu duk wanda ya tafi zai dawo, za a ja mana ruwa har ƙofar gida. Gaskiya rabon hatsi ya ɗan gyaru bayan haka. Amma kamyo bai fasa tashi ba.

A cikin masu tafiyar bayan juyin mulkin har da maigidana. Shi dama ba mai shiga musun zaure ba ne, mutum ne mai shiru. Masu sayen kayansa dabbobinsu sun mutu, wanda ba shi da raƙumi me zai yi da kayan raƙumi. Wata rana ya tafi karɓar jar dawar taimako, ya dawo da ita a ƙullin rigarsa, ya zube a gabana. Sannan ya gaya mini cewa a layin nan ya tsaya a bayan mutanen da ubansa ya ciyar, kowa na sunkuyar da kai kada su haɗa ido. Ya ce shi ba gwamnati ce ta kore shi ba, ido ne. A Kano zai iya yin dako a kasuwa ya ci abinci, don ba wanda ya san sunan ubansa, amma a Birni ko yunwa za ta kashe shi ba zai iya ɗora buhun wani a kansa ba. Ya so mu tafi tare, Iya ta ce sai dai a tafi da gawarta. Sai ya bar mini ita da yara. Abin da ya faɗa mini a bakin zaure shi ne, muddin Iya na cikin ɗakin nan, ƙafarsa ɗaya tana Damagaram, in riƙe masa ita da ɗakin har ya dawo. Na ce na riƙe. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na koma madafa.

Duk shekarun nan ba wanda ya yi yaɓe a kartiyenmu, wato unguwarmu. Mazan sun tafi, ruwan kwaɓi babu, kuma mutane sun ma daina tsoron damina, sai ka ce an soke ta. Ni na fara lura, da yake ni ke share ɗakin Iya. Kullum sai in tarar da ƙasa ta zubo a kan tabarmarta, har cikin kwanon furarta. Wata rana da tsakar rana na ɗaga kai na ga zaren haske ya ratso ta tsakanin azara. Na je na durƙusa gaban Baffa na gaya masa. Ya saurare ni, sannan ya tambaye ni ko a Zermu haka ake yi, mutane na mutuwa da ƙishirwa ana ba ƙasa ruwa. Ya ce in kwantar da hankalina, sababbin masu mulki sun yi alkawarin ruwa, da zarar ya iso mazan gida za su dawo a yi yaɓe irin na mutunci, watakila ma da siminti. Ruwan sama kuwa, ya ɗaga kai ya dubi sararin da ya yi fari fat, ya ce in na gan shi in gaishe shi. Dattawan suka yi dariya. Na tashi na ba su wuri, amma tun kafin na kai tsakar gida na riga na yanke abin da zan yi.

Ni 'yar ƙauye ce, na taya uwata yaɓen rumbu tun ina ƙarama, na san ƙasa. Abin da ba ni da shi ruwa ne, don haka na shiga tara wanda aka riga aka yi amfani da shi. Na haƙo ƙasa daga tsohon kangon bayan gida na tara a lungu. Ruwan wanke-wanke, ruwan alwala, ruwan wankin gero, duk a kan tarin nan suke ƙarewa. Yarana a bisa tarin nake tsayar da su in yi musu wanka. Ciyawa babu, awaki sun cinye har da shingen gari, sai na tafi wurin majema abokan aikin mijina na roƙi gashin da suke kankarewa daga fata. Kashin jaki kuma na bi bayan jakunan masu ruwa ina tsinta, matan Birni na leƙe ta ƙofa suna cewa ga 'yar Zermu ta tuna gida. Warin kwaɓin nan, Allah ya sani, har kaji sun ƙaurace wa lungun. Iya ta ce mini ita dai ta ji ana rufe mutum da ƙasa bayan ya mutu, amma ni na ƙudura in rufe ta da wari tun tana da rai. Ta faɗa tana dariya, sannan ta rage ruwan alwalarta da kanta tana miƙo mini saura.

Da ƙasa ta nuna, na nemi namijin da zai hau, babu. Dattawan zaure ba mai iya taka tsani, magina kuma sun bi aiki Najeriya. Sai wata safiya na ɗaure zanena tamau, na jingina tsani a bangon ɗakin Iya. Baffa ya fito yana salati, ya ce tunda aka kafa gidan nan mace ba ta taɓa hawa samansa ba, zan ja musu abin faɗa har jikoki. Na ce masa, da ladabi, idan akwai wanda zai hau in sauka. Ya duba hagu ya duba dama, ya koma zaure. Na tsaya a gindin tsani na ɗaga muryar nan tawa ta korar tsuntsu, na ce za a hau sama, a kintsa. Na jira. Na sake kira. Na kira na uku har maƙogwarona ya yi zafi. Ba wanda ya amsa. Na hau a haka, ina jin kamar na shiga gidan mutane ba sallama.

Abin da na gani daga sama bai taɓa barin idona ba. Ina zaune a ƙasa na san mutane sun tafi, ai makullansu na jikina, amma sani daban, gani daban. Tsakar gida bayan tsakar gida, har zuwa gindin manyan duwatsun Birni, babu hayaƙi, babu shanya, babu kukan yaro. Turmi a kife, murhu ya cika da rairayi, igiyar shanya ta tsinke tana lilo. Na san kowane gida da dalilinsa. Wancan ɗansa ne ya rasu, ya kasa zama inda ya binne shi. Wancan marini ne, ba ruwan da zai cika karofi. Wancan ma'aikaci ne, aka mayar da shi wani gari ya ji daɗi bai waiwayo ba. Wancan kuwa ya yi faɗa da masu rabon hatsi aka sa masa ido, shi kam siyasa ce ta kore shi. Na zauna a kan rufin na yi kukan da ban yi ba ranar tafiyar mijina. Da na gama na share fuska na fara ɗebo ƙasa.

Kwana da kwanaki ina wannan aiki, in hau da kwarya cike a ka, in sauko in sake ɗiba, har tafin hannuna ya tsage. Ƙasar da na tara rufi ɗaya za ta iya, don haka na bar ɗakina da zaure, na zuba ta duka a kan na Iya. Na share indararonmu na gida kaf. A nan ne na lura da rufin maƙwabcinmu Babarbare, wanda ke manne da na Iya, ɗan tudun katanga kawai ya raba su. Indararonsa ya toshe da rairayi da tsummoki da sheƙar tsuntsu, rufin kuma ya lotsa daidai jikin katangar da muka haɗa. Taki ɗaya ne tsakanina da shi. Aikin da bai fi a zura hannu a yaye ba. Makullin gidan yana bakin zanena, yana taɓa cinyata. Amma ƙafata ta ƙi. Na riga na karya al'ada ɗaya, gari na magana, sai na ji ba zan iya karya ta biyu ba, in taka rufin wani namiji ba da izininsa ba. Na sauko na tambayi Baffa. Ya ce kul, abin kunyar da na yi ya isa haka, rufin mutum hurumi ne. Ya ce ai ya ji a rediyo ana kiran 'yan ƙasa su dawo gida, mai kanwa yana hanya, zai share abinsa da hannunsa. Na ce to. Wannan to ɗin ita ce kalmar da na fi nadama a rayuwata.

Mai kanwa bai dawo ba, ruwa ne ya dawo. Wata la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, kafin mu gama kwashe shanya sama ta ɓalle. Ruwa irin wanda yarana ba su taɓa gani ba. Sauran mutanen Birni suka fito suna kabbara, kowa na tara tukwane da kwanoni, Baffa na tsaye a tsakar gida ruwa na dukansa yana dariya yana kuka. Ni ma ina cikin murna, ina tara randa a ƙarƙashin indararon Iya da ke zuba kamar an buɗe pampo, ina jin daɗin aikina. Can sai kunnena ya ba ni wani abu. Ta bayan katanga, inda ya kamata in ji indararon maƙwabci na zuba, shiru. Na saki randar na ruga ɗakin Iya. Rufin lafiya lau, ko ɗigo babu, amma bangon da muka haɗa da maƙwabci ya yi baƙi da laima tun daga sama, yana gumi, ƙasa na ɓarɓasowa. Tunanin hawa ya zo mini, na san lokacinsa ya wuce. Na ce wa Iya ta tashi mu fita. Ta ce ba inda za ta, ba ni na gyara rufin ba? Ban tsaya yi mata bayani ba, na sunkuya na goya ta kamar jaririya. Tana dukan bayana, tana kiran sunan ɗanta, tana riƙe bakin ƙofa da hannu biyu sai da na ɓamɓare yatsunta. Mun kai tsakiyar gida ke nan na ji ƙara a bayana, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an sauke babban buhu. Rufin maƙwabci ya rufta, ya ja katangar, katangar ta ja ɗakin Iya.

Da gari ya waye na je na tsaya a kan tarin. Yaɓena yana nan falle-falle a kan ɓaraguzai, da gashin majema a jikinsa, ko tsagewa bai yi ba. Aikin ya yi kyau, bangon da ke ɗauke da shi ne ya tafi. Iya ba ta ji ciwo ko ɗaya ba, amma daga ranar ba ta sake zama daidai ba. A ɗakina na shimfiɗa mata, ta kasa gane inda ƙofa take, tana laluben bango tana neman alkukinta inda babu shi. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya kawai ta ce mini, 'yar nan, kin fitar da ni kafin masu makara su zo, yanzu sai su sha wahalar nemana. Kafin a yanke geron shekarar ta rasu. Mijina ya zo ta'aziyya, ya tsaya ya dubi inda ɗakin yake, ya daɗe. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in haɗa kaya mu tafi Kano, ba abin da ya rage. Na ce masa ni ba zan tafi ba, akwai gidajen mutane a hannuna. Ya koma shi kaɗai. Ya ci gaba da aiko mana da abin da ya samu, yana zuwa salla-salla kamar baƙo, har Allah ya karɓi ransa a can. Ƙafar nan tasa ɗaya da ya ce tana Damagaram, ranar ruwan nan aka ɗauke ta.

Amma ban jira ta'aziyya ba kafin na san abin yi. Washegarin rushewar, tun ƙasa ba ta bushe ba, na kwance makullan bakin zanena na zube su a gaban Baffa a zaure, gaban dattawan duka. Na ce masa waɗannan mutane da suka ba ni makulli ba ƙarfe suka ba ni ajiya ba, gida suka ba ni, kuma yau zan hau kowane ɗaya, wanda zai yi magana ya yi. Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya kashe rediyonsa, ya tashi, ya ɗauki tsani da kansa ya sa a kafaɗa, tsoho da shi. Gida gida muka bi. Shi yake tsayawa ya yi kiran a kintsa, ko da ya san ba kowa, sannan ya riƙe mini tsani in hau in yaye indararo in toshe abin da zan iya. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, riƙon tsanin ya ishe ni. Wasu gidajen mun makara, wasu mun cece su. Kuma ga abin da na gani da idona a shekarun da suka biyo: waɗanda gidajensu suka tsaya, da yawansu sun dawo da sauƙi ya samu, don akwai inda za su sauke kaya. Waɗanda nasu suka faɗi, sai dai labari. Aminiyata matar mai kanwa ba ta sake taka Damagaram ba.

To, ga amsata ga samarin ƙofar gidana, da duk mai wannan musu. Siyasa tana da hannu, ba zan wanke ta ba, na ga hatsin talaka a kasuwa, na ga garin da aka bari da ƙishirwa. Tsada ma tana da hannu, fari yana da nasa, kunya tana da nata. Kowane mai tafiya da abin da ya tura shi, kuma in kana son sani, shi za ka tambaya, ba rediyo ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne ka rungumi dalili ɗaya har ya ɗaure maka hannu. Baffa ya gaskata cewa mulki ne ya kori mutane, don haka ya zauna jiran mulki ya dawo da su, ni kuma na ari jiransa na yafa. Ku yi musunku, ku nemi haƙƙinku wurin masu mulki da babbar murya, ya halatta. Amma kafin ku zauna, ku duba abin da ke taki ɗaya daga ƙafarku wanda hannunku zai iya. Kuma 'yan'uwana mata, in an ba ki amanar abu, an ba ki izinin ceton sa, kada ki tsaya neman wani izinin.

Na ci gaba da hawa kowace shekara, har Baffa ya rasu na koma yin kiran da bakina. Ban taɓa fasa kiran ba, ko da na san iska nake yi wa. Wata shekara, bayan damina ta dawo daidai, na jingina tsani na ce za a hau sama, a kintsa, na ɗora ƙafa a matakin farko kamar yadda na saba. Sai na ji muryar mace daga bayan katangar yamma, daga gidan marinin nan da na share wa indararo shekara da shekaru, tana cewa sun ji, a hau lafiya. Na sauke ƙafata na zauna a gindin tsanin. Ranar dai ban iya hawa ba.